Hannun Auduga

Askar ta gangaro daga sajen Direba lafiya lau, ta bi muƙamuƙi, sai da ta zo kwanar haɓa ta zame. Jan layi ya fito a cikin farin kumfa, ya fara faɗi.

"Kai! Auduga, yanka ni za ka yi?" in ji Direba yana dariya, don ko zafin bai gama ji ba.

Auduga bai yi dariya ba. Ya ajiye askar a gindin madubi, ya ɗauko dunƙulen alif mai tsayar da jini zai danna a wurin, alif ɗin ya suɓuce daga yatsunsa ya faɗi ƙasa ya rabe biyu. Ya tsaya yana kallonsa. Tun yana saurayi yake aski a shagon nan, bai taɓa fitar wa mutum jini ba, shi ya sa ma aka laƙaba masa Auduga. Mutane kan ce in ya ɗora maka hannu sai ka yi barci. Duk layin ya cika da shagunan samari masu kilifa, wato injin aski, da kiɗa da fitilu kala-kala, shi kuwa kujera ɗaya gare shi da madubi mai tsatsa a gefe. Abin da ke kawo mutane wurinsa askar nan ce kaɗai, da hannun da ke riƙe ta. In hannun ya tafi, shagon ya tafi.

Direba ya ciri auduga da kansa ya danna a haɓa, yana kallon mai shagon ta madubi. Direban tasi ne, ƙato mai surutu, ya daɗe yana zama a kujerar nan.

"Tun yaushe?" ya tambaya. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Tun yaushe me?"

"Haba, kada ka raina mini wayo. Wancan makon ma na ga kana yarfa hannu kamar wanda ya taɓa tukunya."

Auduga ya zauna a kan benci. Ya gaji da ɓoyo, wallahi ya gaji. Ya gaya masa yadda abin ya fara da ciwon wuya, ya sha ƙwaya ya shafa man zafi ya ce gajiya ce. Daga baya wani abu ya riƙa tsarga masa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu kamar lantarki. Yanzu ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu murus, ko tsinke ka soka masa ba zai ji ba. Maɓallin riga ma matarsa ke sa masa da safe, ta juya baya ga ƙofa don kada yara su gani.

"Ai jijiya ce ta maƙale," in ji Direba, kamar shi ya haifi jijiyar. "Ni fa? Bara ƙafar nan ko kuloci ba ta takawa. Aka kai ni wurin wani likitan ƙashin baya, maɗorin zamani. Ya kwantar da ni, ya murɗa ni, na ji ƙas! Na tashi na taka kamar ɗan ƙwallo. Rufe shagon nan mu tafi."

"Da rabin gemu za ka fita?"

"Da rabin gemu da cikakken maƙogwaro. Tashi, malam."

A mota Direba bai rufe baki ba, Auduga kuwa ba ya jin ko rabin abin da yake faɗa. Ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa. Zuciyarsa ta maƙale a kan wannan ƙas ɗin. Ƙas ɗaya, ya koma shago kafin yamma. Kuma yau ce ranar askin Baba. Baba, mahaifinsa, shi ne mai shagon tun asali, shi ya koya masa sana'ar. Yanzu ya tsufa, ciwon ido ya rufe masa gani, yana zaune a gidan Auduga. Amma bai taɓa yarda gashi ya wuce mako a haɓarsa ba. Yakan ce mai aski da ƙasumba kamar tela ne da yagaggen wando.

Wurin likitan a saman bene yake, bisa wani kantin magani. Direba ya raka shi har ƙofa, ya ce fasinja na jiransa, ya sauka. Ɗakin jira ƙarami ne, kujerun roba a jere, fanka na juyawa a kasalance. A kan tebur an kafa ƙashin bayan mutum na roba, da wasu zare-zare rawaya suna leƙowa ta tsakanin gaɓoɓin. Wata tsohuwa na zaune a karkace, ta ɗora nauyinta a ɓari ɗaya. Daga ciki aka ji ƙas, aka ji wani ya ce "Wash!", can sai ga mutumin ya fito yana juya kafaɗu yana murmushi. Auduga ya ji sanyi a ransa.

Likitan bai kai shi shekaru ba. Abin da Auduga ya fara gani a jikinsa saje ne, na hagu ya fi na dama tsawo. Aikin 'yan kilifa ke nan, ya ce a ransa, ko kunya ba sa ji.

Likita ya saurare shi har ya gama, bai katse shi ba. Ya sa shi ya matse masa yatsu da hannun hagu, sannan da na dama. Ya ɗauko takarda ya saƙala masa tsakanin yatsu ya ce ya riƙe gam. A hannun hagu sai da takardar ta kusa yagewa. A na dama ta zare sumul, kamar ba a riƙe ta ba.

"Mece ce sana'arka, Baba?"

"Aski."

"Da inji?"

"Da aska," in ji Auduga, har da ɗan ɗaga haɓa.

Likita ya miƙa masa biro, ya jawo kujera ya zauna, ya jingina kai baya. "To ga askarka, ga ni na zo. Nuna mini yadda kake yi."

Auduga ya ji abin kamar wasan yara, amma jiki ya riga ya san aikinsa. Ya matso ta dama, ya ɗaga gwiwar hannu sama, ya turo haɓa gaba, ya kwantar da kai har kunnensa ya kusa taɓa kafaɗa. Nan take lantarkin ya tsarga masa tun daga wuya har ƙaramin yatsa. Biron ya faɗi a cinyar likita.

"Haka kake tsayuwa kullum?"

"Haka ake tsayuwa."

"Wa ya ce?"

"Babana." Auduga na murza wuya. "Shi ya ce gashi ba a ganinsa ta gaba, sai ta gefe, inda haske ke kwanciya a kansa. Kwantar da kai har kunne ya gaishe da kafaɗa. In na ɗago, ranƙwashi."

Likita ya jawo ƙashin roban nan, ya nuna masa ƙananan ƙofofin da ke gefen wuya, inda zaren rawaya ke fita. Ya lanƙwasa wuyan roban zuwa dama, ƙofar ta tsuke ta danne zaren. "Wannan zaren shi ne jijiyar da ke kai saƙo hannunka. Duk kan da ka aske, sai ka rufe mata ƙofa a ka. Tun tana haƙuri har ta gaza. Hau gadon nan mu gani."

Gadon siriri ne, mai sanyin leda. Auduga ya kwanta rigingine yana kallon silin. Likita ya zagaya ta bayansa, ya zura hannu biyu a ƙarƙashin ƙeyarsa.

"Saki wuyanka."

"Na saki."

"Ba ka saki ba, Baba. Kai kake ɗauke da kanka. Bar mini shi."

Ikon Allah! Maganar da shi yake gaya wa mutane kullum ke nan. Manya da ƙanana sun miƙa masa maƙogwaro ido a rufe, da ƙarfe mai kaifi a hannunsa, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da suke ba shi ba. Yau ga shi an ce ya ba da nasa wuyan, babu ko aska a wurin, ya sandare kamar itace. Gaskiyar masu magana, wanzami ba ya son jarfa. Likita bai matsa masa ba. Ya riƙa tambayarsa yadda ake wasa aska a jikin fata, da yadda ake gane gashin da ya kwanta baibai, har Auduga ya shagala da bayani. Yana cikin magana ya ji kansa ya yi nauyi a tafin mutumin.

Sai likita ya ja kan a hankali, kamar mai zare ƙafa daga takalmi.

Zafin ya ɗauke. Ɗif, kamar an kashe rediyo. Wani ɗumi ya gangara ta hannun, ƙaramin yatsa ya fara farfaɗowa, har ya ji sanyin ledar gadon a ƙarƙashinsa. Rabon da ya ji wani abu da yatsan nan har ya manta. Hawaye ya taru masa, bai ji kunya ba.

"Likita, ya dawo! Wallahi ya dawo!"

"Na sani. Kwanta dai."

Ya riƙe shi haka na ɗan lokaci, ya murza masa naman wuya da na kafaɗa, sannan ya sauke kan a hankali. Kafin Auduga ya gama tashi zaune, yatsan ya fara komawa inda ya fito.

"To yi mini ƙas ɗin mana," ya ce da sauri. "Irin na Direba. Ai ka ga ta buɗe, saura ka ɓalle ta gaba ɗaya."

"Ba zan yi maka ba."

"Don me? Wanda ya fita yanzu fa?"

"Nasa daban, naka daban. Kawo hannunka." Likita ya jera hannayen Auduga biyu a kan gwiwarsa, bayansu a sama. "Dubi nan, tsakanin babban yatsa da manuni. Na hagu akwai tudu. Na dama fa?"

Rami ne. Fata ta lotsa tsakanin ƙashi da ƙashi, har kana iya zuba ruwa ya tsaya. Kullum yana wanke hannun nan, kullum yana kallonsa a madubi, bai taɓa lura ba.

"Naman wurin ya zube, saboda saƙo ya daɗe ba ya isowa. Wannan ba aikin jiya ba ne. In na murɗa wuyan da ke haka ban ga cikinsa ba, zan iya ƙara maka wata wahalar. Sai ka je babban asibiti a ɗauki hoton wuyan, likitan jijiya ya gani. Mai yiwuwa su ce aiki za a yi. Kada ka ja lokaci, ka riga ka ja da yawa. Ni abin da zan iya shi ne in riƙa sassauta maka kamar yadda na yi yanzu, in koya maka motsa wuyan."

"Zai cike?" Auduga na kallon ramin.

"Zafin zai ragu, in Allah ya yarda. Naman kuwa, wani yakan dawo, wani ba ya dawowa duka. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Aska fa?"

Likita ya girgiza kai. "Ajiye ta, Baba. Yau haɓa ka yanka. Ka riƙe inji tukuna, ka ɗaga kujerar sama, ka tsaya kai a miƙe."

"Inji ko ɗan da aka yaye jiya ya iya," in ji Auduga. Ya so ya gaya masa sajensa a karkace yake, ya ga ba amfani. Ya yi godiya ya fito.

Bai koma shago ba. Ya hau bas ɗin unguwarsu, ya samu wuri a jikin taga. Mutane na ta hayaniyar canji da turereniya, shi kuwa idonsa na kan ramin nan. Ya san shi. Tun a ɗakin likita yake jin ya taɓa ganinsa a wani wuri, sai da bas ta tsaya a cunkoso abin ya faɗo masa. Hannun Baba.

Baba bai tsufa ba lokacin da ya bar shago. Da ƙarfinsa, ko furfura bai gama yi ba. Wata safiya kawai ya miƙa masa askar da makulli ya ce, "Na gaji da warin kumfa, Magaji, karɓi." Tun daga ranar yake kiransa Magaji. Mutane suka yi ta yabo, ana cewa ga uban da ya san ya kamata, bai jira mutuwa ta raba shi da kujera ba. Auduga kansa ya yi ta alfahari da wannan labari, ya ba shi ga duk wanda ya zauna a kujerar. Yanzu sauran abubuwan suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Baba da kofin shayi a hannu biyu. Baba da cokali a dunƙule cikin tafi kamar ƙaramin yaro. Hannun dama kullum a aljihu, ko hoto za a ɗauka. Shi duk ya ɗauka halin tsufa ne.

Haushi ya turnuƙe shi. Ashe ya sani! Ya san inda hanyar nan take kaiwa, ya kama kunnen ɗansa ya ɗora shi a kanta, har da ranƙwashi. Ko kuwa bai sani ba? Wa ya taɓa nuna wa Baba ƙashin roba da zaren rawaya? Mai yiwuwa har yau yana ganin ƙaddara ce ta faɗa wa hannunsa, ya ɓoye don kunya, kamar yadda shi ma yake ɓoyewa a bayan ƙofa ana sa masa maɓalli. Auduga ya rasa wanne ya fi ciwo. Ya dai ƙudura yau sai ya tambaye shi, ko da za a ce ya yi rashin kunya.

Da ya shiga gida rana ta yi sanyi. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya. Ta dube shi, ta dubi hannun.

"Maigida, lafiya ka dawo da wuri?"

"Lafiya. Anjima ma yi magana."

"Ga Baba can tun ɗazu yake tambaya. Na kai masa ruwan zafi."

Baba na zaune a kujerarsa ta katako a bakin ƙofar ɗaki, inda haske ya fi kyau, ko da yake hasken ba ya yi masa komai yanzu. Ya riga ya ɗaura wa kansa tawul a wuya, a karkace. Kwanon ruwa na tururi a gefe, ga burushi da sabulu. Farin tsiro ya rufe masa haɓa kamar an barbaɗa gishiri.

"Magaji ne? Na ji takunka. Zo ka raba ni da ciyawar nan, tun jiya take cizona."

"Sannu da hutawa, Baba."

Tambayar na bakinsa. Ya ce bari ya fara sa kumfa tukuna. Ya gyara tawul ɗin, ya jiƙa burushi, ya kaɗa a sabulu da hannun hagu, ya shafa wa tsohon tun daga kunne har kunne. Baba ya jingina kai a bango, ya miƙa wuya, ya saki jiki gaba ɗaya. Ba a taɓa ce masa ya saki wuya ba, shi ya san yadda ake ba da shi. Fatar maƙogwaron ta yi laushi ta yi siriri, jijiya na bugawa a ƙarƙashinta a fili.

Auduga ya zaro askar daga aljihu. Ita ce dai wadda Baba ya miƙa masa, ƙotarta ta sha hannu har ta yi santsi. Ya buɗe ta. Ya ce a ransa zai tsaya kai a miƙe kamar yadda likita ya ce, a hankali, sau ɗaya kawai, wa zai sani? Ya matso ta dama. Da kai a miƙe bai ga komai ba sai farin kumfa. Kafin ya ankara kunnensa ya tafi gaishe da kafaɗa, lantarkin ya sauko. Bakin askar na rawa, tazararsa da wuyan Baba bai kai faɗin yatsa ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kasa ci gaba, ya kasa janyewa.

"Kumfa na bushewa," in ji Baba.



Sai tsohon ya zaro hannun dama daga aljihu, ya lalubo iska har ya kama wuyan hannun ɗansa. Ya bi shi da yatsu a hankali, ta bayan hannun, kamar mai neman abin da ya san inda ya ajiye. Babban yatsansa ya faɗa cikin ramin ya tsaya. Auduga ya sunkuya ya ga hannayen biyu a haɗe, na sama ya fi yamushewa, ramin dai iri ɗaya. Ya buɗe baki, tambayar ta ƙi fita. Leɓen Baba na motsi a cikin kumfa, ba abin da ya fito.

Can tsohon ya yi gyaran murya.

"Magaji, goge mini kumfar nan."

"Baba..."

"Goge, na ce. Gemu nake so in tara. Tsoho kamata ba gemu, ai abin kunya ne. Na daɗe ina so in gaya maka."

Auduga ya jiƙa gefen tawul ya goge masa fuska, farin tsiron ya sake fitowa yadda yake. Baba ya shafa haɓarsa, ya ɗan yamutsa fuska don ƙaiƙayi, ya yi maza ya sake ta.

"Kawo ta nan," ya ce, ya buɗe tafi.

Auduga ya ɗora masa askar. Baba ya gwada naɗe ta da hannu ɗaya, ta ƙi. Ya dafa ta a gwiwa, ya sa hannun hagu ya taimaka, ta rufe. Ya zura ta a aljihun dama, ya bar hannun a ciki.